Ernest Cole, ɗan telan da ya ɓoye kyamara cikin ƙunshin abinci ya nuna wa duniya gidan bauta

Duk wanda ya tashi a New Bell ya ji labarin yadda aka kafa unguwar, ko da a taƙaice ne. A 1910 Jamusawan da ke mulkin Kamaru suka tsara tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wouri, a mayar da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita guda babu gini tsakaninsu da unguwar Turawa. Hujjar da aka bayar ita ce kare Bature daga zazzaɓin cizon sauro. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Ba a cika wata biyu ba Jamusawan suka rasa Duwala, amma layin da suka ja bai goge ba. Unguwar da aka yanka domin 'yan gari sai ta zama masaukin baƙi: Bamileke da Basa da Ewondo, fatake da mahauta Hausawa, mutanen Najeriya da na Dahomey, kowa da lungunsa.

Labarin yana nan a bakin dattawa da kuma cikin takardun gwamnati. Abin da ke da wuyar samu shi ne hotonsa. Yawancin hotunan Duwala na wancan zamani Turawan mulki da 'yan mishan da masu buga katin gaisuwa ne suka ɗauka, su kuwa abin da ya dame su shi ne tashar jiragen ruwa da gidan gwamna da coci da sarakuna cikin ado. Hotunan da ke cikin akwatunan iyayenmu kuma na shagon mai hoto ne: an sa babbar riga, an gyara zaman hula, an tsaya gaban labule. Suna da daraja, amma ba su nuna ɗan dako da buhu a ka, ko ranar da ruwa ya shiga ɗaki, ko mutumin da aka tare a hanya ana tambayarsa takarda.

A can kudancin nahiyar, inda aka ɗauki irin wannan layi aka mayar da shi dokar ƙasa baki ɗaya, an yi wani saurayi da ya ba da ƙuruciyarsa ga ɗaukar ainihin waɗannan hotuna. Sunansa Ernest Cole. Littafi ɗaya tak ya fitar a rayuwarsa, littafin kuma ya raba shi da ƙasarsa har ya koma ga Mahaliccinsa.

An haife shi ranar 21 ga Maris, 1940 a Eersterust, wata unguwa da ke gefen Pretoria a Afirka ta Kudu. Sunan da aka raɗa masa Ernest Levi Tsoloane Kole. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa kuwa wankau take yi wa gidajen farar fata. Yana da shekara takwas jam'iyyar National Party ta hau mulki a 1948, ta fara jera dokokin wariyar launin fata ɗaya bayan ɗaya. A 1950 aka yi dokar da ta raba kowane ɗan ƙasa zuwa jinsin da gwamnati ta rubuta masa, da kuma wadda ta raba unguwanni bisa wannan jinsi. A 1953 aka yi dokar ilimin baƙar fata, wadda ministan da ya kawo ta, Hendrik Verwoerd, bai ɓoye manufarta ba: a koya wa yaron baƙar fata abin da zai ishe shi yin aikin ƙarfi, kada a ɗora shi kan burin da ba za a bar shi ya kai gare shi ba.

Wannan doka ce ta fitar da Ernest daga aji. Ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha, ya ci gaba da karatu ta hanyar wasiƙa da makarantar Wolsey Hall ta Oxford. Tsofaffin malamai da akawuna na Najeriya sun san wannan suna, domin ta nan da yawa daga cikinsu suka ci jarrabawa ba tare da sun taka Ingila ba. Kyamara kuwa tun yana yaro yake wasa da ita, wani fada na cocin Katolika ya ba shi guda, ya shiga ɗaukar mutanen unguwa.

A 1958 ya samu shiga mujallar Drum a Johannesburg, a matsayin yaron Jürgen Schadeberg, Bajamushen da ke kula da sashen hotuna. Drum ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, don tana da bugu na Legas da na Accra, kuma ta ratsa kasuwanni da yawa a hannun 'yan boko. A Johannesburg nan ne matattarar marubuta da masu hoto baƙar fata, irin su Bob Gosani da Peter Magubane. Gosani ne a 1954 ya hau saman wani gini ya ɗauko hoton fursunoni tsirara ana sa su tsalle a farfajiyar gidan kaso don a bincike su. Aikin Ernest a farko bai wuce ɗakin wankin hoto da jera hotuna a shafi ba. Amma a nan ya koyi abin da ba kowane mai kyamara ke koya ba, wato yadda hoto ɗaya ke jingina da na kusa da shi har su ba da labari. Ya kuma ɗauki darasin hoto ta wasiƙa daga wata makaranta a New York.

A wannan lokaci ne ya ci karo da littattafan Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya yi suna wajen ɗaukar mutane a titi ba tare da ya tsayar da su ba. Ɗaya daga cikinsu na mutanen Mosko ne: mata a layin kanti, ma'aikata a hanya, yara a makaranta. Ernest ya ga ashe za a iya ɗaukar ƙasa guda a zuba ta cikin littafi ta hanyar rayuwar talakawanta. Ya ƙudura zai yi wa Afirka ta Kudu haka.

Shekarar 1960 ta ƙara masa dalili. Ranar 21 ga Maris, ranar da ya cika shekara ashirin cif, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin takardar fas a Sharpeville, suka kashe mutum 69. A shekarar ce kuma aka tayar da iyalinsa daga Eersterust, domin gwamnati ta ware wurin ga wani jinsi, aka kai su Mamelodi, cikin jerin ƙananan gidaje iri ɗaya da aka gina nesa da gari. Bayan Drum ya yi aiki da jaridar Bantu World, daga baya ya koma cin gashin kansa yana sayar wa jaridu hoto. Ana ɗaukarsa baƙar fata na farko a ƙasar da ya rayu da wannan sana'a ba tare da yana ƙarƙashin wata jarida ba.

Sai dai mai son zagaya ƙasa yana ɗaukar hoto, in baƙar fata ne, yana da katanga a gabansa: takardar fas. Ɗan littafi ne da doka ta wajabta wa duk baƙar fata da ya kai shekara 16 ya riƙe a jikinsa. A ciki akwai hotonsa da shaidar biyan haraji da sa hannun ubangidansa na aiki da hatimin da ya ba shi izinin zama a wani gari. Wanda ba shi da hatimin bai isa ya wuce awa 72 a birni ba. Mutane suna kiran littafin dompas, wato fas na wauta. Dubun dubatar mutane ake kamawa kowace shekara a kansa. Mai cin gashin kansa ba shi da ubangidan da zai sa masa hannu, don haka a idon doka zauna-gari-banza ne, ana iya kora shi ƙauye a kowane lokaci.

Dabarar da Ernest ya yi ita kanta ta isa ta nuna rashin kan gadon tsarin. Dokar 1950 ta ware wani rukuni na 'yan ruwa-biyu da ta kira Coloured, su ba su ɗaukar fas. Jami'an da ke tantance jinsi kuwa ba su da wani ma'auni na ƙwarai: su dubi gashi, su dubi farce, su saurari harshe, wani lokaci har fensir suke soka wa mutum a ka su ga ko zai faɗo. Ernest, baƙi ne wuluk, ya je gabansu ya shawo kansu cewa shi ɗan ruwa-biyu ne. Ya sauya harafin farko na sunan gidansu, Kole ya koma Cole. Da harafi guda ya samu sararin yawo da mahaifinsa bai taɓa samu ba. Wanda ya taɓa ganin yadda rubutun suna a katin shaida ke buɗe ƙofa ko ya rufe ta a bakin iyaka ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Daga nan har zuwa 1966 aiki ɗaya ya sa a gaba. Ɗan ƙaramin mutum ne marar jiki, ba ya ɗaukar ido, wannan kuma ya taimake shi. Ya bi jiragen ƙasa da ke kwaso ma'aikata daga unguwannin baƙar fata tun kafin asuba, ya ɗauki mutane cunkushe har wasu na rataye a tsakanin taragai, alhali taragan farar fata na tafiya da kujeru babu kowa. Ya shiga asibiti ya ɗauki marasa lafiya kwance a ƙasa tsakanin gadaje. Ya shiga bayan gidajen Turawa ya ɗauki ɗakunan 'yan aiki, da matan da ke renon 'ya'yan wasu alhali nasu na can wata unguwa ba mai duba su. Ya ɗauki yaran titi da ke bara da dare, har da lokacin da wani Bature ya kai wa ɗaya daga cikinsu mari. Ya ɗauki allunan da ke kan benci da ƙofar banki da bakin bayan gida, masu faɗin wanda zai zauna da wanda zai wuce. A 1964 ya kai kansa Frenchdale, wani ƙungurmin wuri da gwamnati ke jefa sarakunan gargajiya da sauran waɗanda suka yi mata gardama, ba shari'a, ba ranar dawowa.

Akwai hotonsa guda na wani yaro a aji. Babu benci, yaron ya tsuguna, allo a hannu, gumi na gangaro masa a fuska saboda zafi da cunkoso, amma idonsa na kan malami, ya tattara hankalinsa kaf. Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin da yara suka fi ƙarfin ɗaki ya san wannan fuska. Hoton bai roƙi kowa ya tausaya wa yaron ba. Ya nuna yaro mai son karatu ne da kuma abin da aka ba shi a madadin makaranta, ya bar mai kallo da lissafin.

Mafi wuya shi ne ramukan haƙar zinariya na kewayen Johannesburg, inda arzikin ƙasar yake. Ma'aikatan yawancinsu 'yan ci-rani ne da ake kwasowa daga Mozambik da Malawi da Lesotho da yankunan karkara, su sa hannu a kwantiragi na watanni, a zuba su a bariki na maza zalla, su kwana kan gadajen siminti. Ba a barin ɗan jarida ya leƙa. Ernest ya riƙa sa kyamararsa a ƙasan jakar takarda, ya ɗora burodi da 'ya'yan itace a kai kamar mai zuwa da abincin rana, ya huda jakar daidai idon kyamara, ya bi sahun ma'aikata ya shige. Ta haka ya ɗauki layin masu dangwala yatsa, da ɗakunan kwana, da kwanon abinci. Ta haka kuma ya ɗauki hoton da aka fi saninsa da shi: jerin maza manya tsirara haihuwar uwarsu, sun fuskanci bango, hannuwa sama, suna jiran likita ya duba ko jikinsu zai yi aiki, takardar kowa ajiye a ƙasa.

Mai karatu da ya tashi cikin tarbiyyar kunya zai iya tambaya ko ya dace a buga hoton tsiraicin magidanta a littafi, tambayar kuma tana kan hanya. Mutanen nan ba a nemi izininsu ba. Amma ba Ernest ne ya tuɓe su ba, kamfani ne, kuma haka ake yi wa kowane ayari da aka kawo, shekara da shekaru, a bayan katanga. Ya ɗauke su ta baya, ba a gane fuskar kowa. Wanda hoton ya tona wa asiri shi ne mai ramin.

A nan ne aikinsa ya bambanta da na sauran. Hotunan Sharpeville, waɗanda Ian Berry na Drum ya ɗauka, sun zagaya duniya, amma gwamnati na iya cewa tsautsayi ne na rana ɗaya. Littafin Ernest ba na ranar kisa ba ne. Na ranar Talata ne da Laraba, ranar da babu abin da ya faru sai abin da ke faruwa kullum: layi, hatimi, ankwa a hannun wanda laifinsa bai wuce mantuwa da fas a aljihun wata riga ba. Irin wannan ba a iya kiransa kuskure, domin shi ne tsarin. Kuma ba baƙo ne ya zo ya leƙa ya koma otal ba. Jirgin da ya ɗauka shi yake hawa, matar da ke wanki a bayan gidan Bature sana'ar mahaifiyarsa take yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙarshen zamansa a gida ya zo ne ta wata hanya da bai zata ba. Ya daɗe yana bin 'yan daban birni, waɗanda ake kira tsotsi, yana ɗaukar yadda suke tare mutane a titi suna yi musu sane. 'Yan sanda suka kama shi da hotunan, suka ba shi zaɓi: ko ya zama ɗan rahotonsu ya faɗi sunayen yaran, ko ya fuskanci shari'a tare da su. Bai zaɓi ko ɗaya ba. Da yake a takarda shi ɗan ruwa-biyu ne, ya samu fasfo, ya ce zai je ziyarar ibada Lourdes, garin da 'yan Katolika ke zuwa a Faransa. A watan Mayun 1966 ya bar ƙasar yana da shekara 26. Abokai suka taimaka aka fitar da nagetif ɗinsa a ɓoye, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa.

Ya bi ta Faransa da Ingila, ya sauka New York a watan Satumba, kwanaki kaɗan bayan an daɓa wa Verwoerd wuƙa a zauren majalisa ranar 6 ga watan, lokacin yana firaminista. Hankalin duniya na kan Afirka ta Kudu. Kamfanin masu hoto na Magnum, wanda Cartier-Bresson na cikin waɗanda suka kafa shi, ya karɓi aikinsa. A 1967 kamfanin Random House ya buga littafin da sunan House of Bondage, wato Gidan Bauta. Joseph Lelyveld, wakilin jaridar New York Times da gwamnatin Pretoria ta kora a 1966, wanda ya san Ernest tun a Johannesburg, shi ya rubuta gabatarwa. An kasa littafin babi-babi: ramukan zinariya, 'yan sanda da fas, jirgin ƙasa, 'yan aikin gida, makaranta, asibiti, gidajen giya na ɓoye, addini, kora. Mutanen Amurka da Turai sun sha jin labarin wariyar launin fata a rediyo, amma gani ya kori ji.

A 1968 gwamnatin Afirka ta Kudu ta haramta littafin, ta haramta mai shi. Da ya nemi a sabunta masa fasfo aka hana. Littafin dai ya riƙa shiga ƙasar a ɓoye, yana yawo hannu zuwa hannu, matasan masu hoto na can suna koyon aiki daga gare shi. Amma Ernest ya zama mutum marar ƙasa yana da shekara 28.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da aka daɗe ana ba da shi a gurguje, kamar mutumin ya ƙare ne ranar da littafinsa ya fito. Gidauniyar Ford ta ba shi tallafi ya ɗauki rayuwar baƙar fatar Amurka, a karkarar kudu da kuma unguwannin birni. Ya yi aikin. Ya zagaya Harlem, ya je jihohin kudu, ya halarci jana'izar Martin Luther King a Atlanta a watan Afrilun 1968. Ya zo yana zaton ya baro wariya a baya, sai ya tarar da 'yar'uwarta, ba allo a kan benci amma kowa ya san wurinsa. Ya shaida wa na kusa da shi cewa a gida tsoron kamu yake ji in yana aiki, a kudancin Amurka kuwa tsoron harbi. Waɗanda suka ga hotunan a lokacin suka ce ba su da zafin na farko, ba a buga su ba. Akwai alamar son kai a wannan hukunci. Editocin New York sun yi marhabin da baƙon da ya nuna musu aibin wata ƙasa mai nisa, da ya juyo da kyamarar kan titinsu sai sha'awar ta ragu. Shi kuma ya gaji da a riƙa kiransa duk lokacin da ake son hoton wahalar baƙar fata kawai, kamar ba ya iya ganin komai sai ita.

Ya yi zama a Suwidin a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, ya yi aiki da wata ƙungiyar masu hoto ta Stockholm mai suna Tiofoto. Can ma bai zauna ba. Kewar gida ta ci shi, ga rashin takarda, ga rashin kuɗi. Ba shi kaɗai ba ne. Miriam Makeba an soke mata fasfo tun 1960, ta kasa zuwa jana'izar mahaifiyarta. Nat Nakasa, marubucin Drum da ya fita da takardar da ba ta ba shi damar komawa ba, ya faɗo daga bene a New York a 1965 yana da shekara 28. Wajen tsakiyar shekarun 1970 Ernest ya ajiye kyamara. Ya rabu da kayan aikinsa, ya rabu da nagetif ɗinsa, wani lokaci a tashar jirgin ƙasa yake kwana. Mutumin da ya ɗauki marasa wurin kwana a Johannesburg ya zama ɗaya daga cikinsu a New York.

Ciwon daji ne ya kwantar da shi. Ranar 11 ga Fabrairu, 1990 aka saki Nelson Mandela bayan shekara 27 a tsare. Mako guda bayan haka Ernest Cole ya rasu a wani asibiti a New York, yana da shekara 49. Mahaifiyarsa ta samu isowa kafin ya cika. An ƙone gawarsa, aka koma da tokar Afirka ta Kudu aka binne. Dokar fas da ya ɓata ƙuruciyarsa yana ɗauka an riga an soke ta tun 1986, amma bai sake taka ƙasar da ƙafarsa ba.

Shekaru da yawa ana zaton abin da ya rage na aikinsa shi ne littafin kawai. A 2006 David Goldblatt, wani babban mai hoto na Afirka ta Kudu, ya je birnin Gothenburg na Suwidin karɓar lambar yabo ta Gidauniyar Hasselblad, aka nuna masa tarin hotunan da Ernest ya wanke da hannunsa suna ajiye a can. Ya lura cewa da yawa an datse gefensu a littafin don su ƙara zafi, cikakkunsu kuwa sun fi faɗi da natsuwa. A 2010 aka baje su a gidan zane na Johannesburg, shekara ashirin bayan mutuwarsa.

Sai kuma a 2017 aka gano akwatuna ɗauke da nagetif kusan 60,000, a jere, a tsare, a wani banki a Stockholm mai suna SEB, aka miƙa su ga iyalinsa. A ciki har da aikin Amurka da aka ce bai yi kyau ba, da dubban hotunan gida da ba a taɓa gani ba. A 2022 kamfanin Aperture ya sake buga House of Bondage, ya ƙara babin da ba a sa a bugun farko ba, wanda Ernest ya tanada kan mawaƙa da masu rawa da 'yan wasa da masu zane, wato abin da mutane suka ƙirƙira duk da halin da suke ciki. Rashin wannan babi ya sa an shekara hamsin ana kallonsa a matsayin mai ɗaukar baƙin ciki kaɗai. A 2024 aka buga hotunan Amurka cikin littafi mai suna The True America, waɗanda suka duba kuma suka ga hukuncin da aka yanke musu a da bai yi adalci ba.

Sa'ar da wannan nagetif ya yi ba kowane ke yin ta ba, musamman a ƙasa mai laima irin ta bakin teku, inda fim ke yin fumfuna ya manne cikin 'yan shekaru. A Kamaru an ceto na Jacques Toussele, mai shagon hoto a Mbouda, bayan da masanin nan David Zeitlyn ya samu tallafin Laburaren Birtaniya aka kwafe sama da 40,000 zuwa kwamfuta: hotunan katin shaida, biki, jana'iza, haɗarin mota, 'yan kasuwa. Shagunan hoto nawa ne a New Bell da Akwa da Garwa da Marwa aka rufe, aka share kwalayensu aka zuba a bola ranar da mai shagon ya rasu ko aka tashe shi daga haya?

A watan Mayun 2024 Raoul Peck, ɗan ƙasar Haiti da ya yi ƙuruciyarsa a Kongo, ya nuna fim ɗinsa kan rayuwar Ernest a bikin fina-finai na Cannes, ya kuma samu kyautar L'Œil d'or da ake ba fim ɗin gaskiya, tare da wani fim na Masar. A Faransa an nuna shi da sunan Ernest Cole, photographe. A shekarar ce kuma Gidauniyar Hasselblad ta miƙa wa iyalin hotuna 504 da ke hannunta, bayan doguwar taƙaddama kan wanda ya mallake su. Game da akwatunan Stockholm kuwa, bankin ya ce ba shi da wata takarda da ke nuna wanda ya kawo su ajiya, ko wanda ya riƙa biyan kuɗin ajiyar duk tsawon shekarun nan.